Ciyayya a Bayan Kanta

Da kafaɗa Aper ya tura ƙofar kantin, don hannayensa duka a cike suke, kular sakwara a dama, kular miya a hagu. Iskar fanka ta doki zufar goshinsa. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga kulolin sama yadda kowa zai gani.

"Yau dai ɗan Tibi ya tuna yana da gida," in ji Zakiyyu daga bayan buhunan shinkafa. "Har na ce ko turmin ka jinginar."

"Kai dai wanke hannu, Bafillace," Aper ya mayar masa. "Kakanka bai taɓa ganin doya ba sai a bayan mota."

Kantin Alhaji Sha'aibu da ke unguwar Akurba a garin Lafiya kantin kayan masarufi ne kamar kowane: shinkafa, taliya, man gyaɗa, sabulu, madarar gwangwani, burodi, da wata tsohuwar firiza mai gurnani. Sai dai in ka tambayi mutanen unguwa, ba sayayya kaɗai ke kai su can ba. Akwai benci biyu a ƙarƙashin rumfar gaba. Nan matan da suka dawo daga kasuwa ke sauke kaya su sha ruwan sanyi, nan 'yan acaɓa ke tsoma burodi a lemo suna gardamar ƙwallo, nan malaman firamare ke ɓare gyaɗa suna jiran rana ta yi sanyi. Alhaji bai taɓa tayar da kowa ba. Cewa yake wanda ya zauna yau gobe zai saya, wanda bai saya ba kuwa ai ya kawo labari.

A bayan kanta, tsakanin firiza da buhuna, akwai tabarma. Wannan ba ta kowa da kowa ba ce, ta 'yan ciyayya ce. In an sauko daga sallar azahar, kowannensu ya zo da abin da gidansa ya dafa, a jera a tsakiya, a sa hannu tare. Akwai Alhaji da kansa. Akwai Zakiyyu mai sayar da maganin dabbobi a shagon da ke jikin nasa, wanda tsakaninsa da Aper ba a gaisuwa sai da tsiya, irin wasan nan na Fulani da Tibi da suka gada kaka da kakanni. Akwai Malam Sadisu, tsohon magatakardar kotu, wanda bai daɗe da shiga ba, sai bayan da ya yi ritaya. Sai Aper, wanda ya riga Zakiyyu da Malam Sadisu shiga. Tun yana direba a ma'aikatar gona ya tsaya wata rana sayen batirin tocila, ya tarar da Alhaji yana cin tuwo, aka ce masa bismilla, shi kuwa bai san bismillar fatar baki ba, ya zauna ya ci. Kashegari ya dawo da doyar gidansa. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Shi kaɗai ne Kirista a cikinsu, kuma in sun tafi masallaci shi ke jiran kantin.

To, kwanakin nan hannu rabbana yake zuwa. Matarsa Ngumimi ta zame a makewayi ta karye a cinya, tana kwance a asibiti. Ba wanda ya ce masa uffan, har ma turo masa nama ake yi gabansa, amma shi ba ya sakewa ya ci. Ya taɓa gwada sayen burodi da kifin gwangwani a kantin ya ajiye a tsakiya, Alhaji ya mayar da su kan kanta ya ce abincin kanti ba ya shiga ciyayya. Abin ya dame shi ƙwarai, domin 'ya'yansa duk sun watse, daga mai Abuja sai mai Makurɗi, kuma in aka cire tabarmar nan daga yininsa, abin da zai rage masa rediyo ne da bango. Jiya Allah ya kawo Erdoo, matar ɗansa Tersugh, daga Makurɗi don ta riƙe gidan. Shi ya sa yau yake tafiya kamar wanda aka biya fansho.

Aka jera kwanuka. Tuwon shinkafa daga gidan Alhaji, dambu daga gidan Malam Sadisu, fura da nono daga wajen Zakiyyu. Aper ya buɗe kularsa, tururi ya tashi, ƙanshi ya cika lungun. Miyar furen gurjiya ce, wadda Tibi ke kira genger, ta yi kauri tana yauƙi.

"Amaryar ɗana ne ya dafa," in ji shi da Hausarsa ta Lafiya, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Ku ci ku ba ni labari."

A al'adar Tibi mai abinci shi ke fara kai loma kafin baƙo, kuma Aper bai taɓa barin wannan ba, duk da tsiyar da Zakiyyu ke masa cewa wayon cin loma ɗaya ne fiye da kowa. Ya gutsuri sakwara, ya mulmula, ya dangwali miya ya kai baki.

Daɗi ne ya fara zuwa, kuma daɗin ne ya tsorata shi. Wani maiƙo ne mai zaƙi-zaƙi da ke manne wa dasashi, wanda ya sani tun yana yaro, na ranar Kirsimeti a ƙauye. Bai buƙaci loma ta biyu ba. Ya ɗaga ido, sai ya ga Alhaji ya riga ya yi bismilla, ya dangwala, lomar tana hanyar baki.

Aper ya miƙa hannu ya kama wuyan hannunsa.

"Alhaji, kar ka ci."

Alhaji ya dube shi. Miyar ta zarto daga lomar ta ɗiga a tabarma.

"Akwai alade a ciki."

Ana jin gurnanin firiza da muryar wata mata a waje tana tambayar ko akwai ƙanƙara. Zakiyyu ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa. Alhaji ya ajiye lomar a kan murfin kula, ya tashi ya ɗauki buta da sabulu ya fita ta ƙofar baya. Aper yana jin zubar ruwan, kuma a kunnensa wankin hannun ya ƙi ƙarewa.

Da Alhaji ya dawo ya zauna, sai ya ce, "Allah ya kiyaye, kuma ka kyauta. Rufe ta kawai, ga abinci nan da yawa."

Da a nan maganar ta tsaya, da shi ke nan. Amma Malam Sadisu ya yi shekaru yana zaune a ƙasan alƙali, kuma mutum ne da ba ya iya haɗiye tambaya. Ba mugu ba ne, sam. Ya gyara zaman tabaransa ya yi magana a hankali.

"Aper, tambaya zan yi, kada ka ji haushi. Na yau ka ɗanɗana ka gane. Na baya fa? Tukunyar da ake dafa muku wannan naman, ita ce ake dafa mana namu a ciki?"

Aper ya buɗe baki zai rantse, sai ya tarar ba shi da abin rantsuwa a kai. Ana cin alade a gidansa, lokacin Kirsimeti ko in dangi sun zo daga gida, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ya kuma san ya taɓa gaya wa Ngumimi, tun farkon fari, cewa abokan cinsa Musulmi ne. Daga nan bai sake bi ta kai ba. Kullum kula yake tararwa a kan tebur, ya ɗauka ya fita. Rabonsa da shiga kicin ya manta.

"Ban sani ba," in ji shi.

Ya saurari Zakiyyu ya jefo wata tsiyar da za ta sassauta wurin. Zakiyyu yana kallon tabarma.

"Malam, a bar maganar nan," in ji Alhaji. "A ci abinci."

Amma Aper ya riga ya rufe kulolinsa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da ya kifar da motar gwamnati a kwalbati. Ya miƙe. Alhaji ya kira sunansa sau biyu, bai juyo ba. A rumfar gaba wata mai sayar da lemon zaƙi ta ce, "Baba Aper, har an gama?" Ya wuce ta kamar bai ji ba.

A gida ya tarar da Erdoo tana shanya kayan wankin da ta kwaso daga asibiti. Ta ga kulolin, ta yi murmushi ta zo karɓa, da ta ji nauyinsu sai murmushin ya ɗauke.

"Baba, ba ta yi daɗi ba ne?" ta tambaye shi da yarensu.

"Ta yi daɗi, 'yata. Me kika sa a ciki?"

"Naman da mamata ta kyafe maka ne. Ta ce kada in ba kowa sai kai. Na ga za ka ci da abokanka, shi ne na zuba duka, har da romon, don ka fita kunya."

"Abokan nawa Musulmi ne."

Ta ɗora hannu biyu a ka. "Ba ka gaya mini ba, Baba. Cewa ka yi abokanka. Sun ci?"

"Ba su ci ba."

Ya so ya yi faɗa, don zuciyarsa tana neman wanda za ta sauke wa, amma da wa zai yi? Gaskiyarta ce. Abokaina ya ce, bai ƙara komai ba. Yarinya ta tashi tun asuba ta daka doya, ta zuba abin da ya fi komai daraja a jakarta don ta girmama shi. Ya ce mata ta share hawayenta, laifin ba nata ba ne. Sannan ya je ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon tukwane a jere, manya da ƙanana, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya a idonsa. Gidansa ne, shi ya gina shi, amma bai san wacce ake dafa me a ciki ba.

Ya tari keke mai ƙafa uku ya nufi asibiti. A hanya yana ta juya abin a ransa. In Ngumimi ta ce tukunya ɗaya ce, to shi ke nan, ba zai yi musu ƙarya ba, ba kuma zai iya sake zama a tabarmar ba. Alhaji ba zai kore shi ba, ya san wannan. Za a ci gaba da ce masa bismilla, a riƙa kewaye kularsa da hannu, a bar ta cike har a tashi. Wannan ya fi kora ciwo.

Ngumimi tana kwance a ɗakin mata, an ɗaure ƙafar an rataye mata nauyi, tana fifita da murfin kwali. Ciwo ya rage mata jiki amma bai taɓa bakinta ba.

"Wa ya mutu?" ta tambaya da ta ga fuskarsa. "Ai yanzu lokacin cin abincinku ne. In ka baro kantin nan da rana tsaka, to ba lafiya ba."

Ya ja kujera ya zauna ya kwashe labarin ya gaya mata, har tambayar Malam Sadisu da amsar da ya bayar. Ta saurara idonta a rufe. Da ya kai kan "ban sani ba" sai ta buɗe ido ta dube shi, irin kallon da take wa akuyar da ta shiga rumbu.

"Haka ka ce musu? Ba ka sani ba?"

"To me zan ce? Na sani ne?"

"Ina za ka sani, kai da kula kawai ka iya ɗauka." Ta yunƙura ta gyara matashi. "In ka koma gida ka shiga ɗakinmu. A saman kabad akwai baho da na rufe da tsohon zane. Tukunya ce a ciki mai ɗaurarren kunne, da ludayi, da wuƙa. Ban taɓa ajiye su a kicin ba, don kada wani ya ɗauka da kuskure. Tun satin da ka fara kai abinci kantin nan, miyarsu ba ta taɓa shiga wata tukunya ba sai wannan, ita kuma ba ta taɓa ganin alade ba. Ko soson wankinta daban yake."

Ta ci gaba da fifita tana magana.

"Naman kuma wajen mahauta nake saya a kasuwa, yankan Musulmi. In kazar gida ce, ba ka ganina ina fita da ita da rai in dawo da ita a yanke? Gidan limamin bayan layinmu nake kai ta."

"Na zaci tsoron jini kike yi."

"Ni? Ni da nake feɗe akuya ni kaɗai?" Ta yi dariya har ciwon ya katse ta, ta riƙe cinyar tana cije leɓe. "Da na san yarinyar za ta dafa muku yau da na gaya mata. Na ɗauka sai ta huta."

Aper ya kama ƙarfen gadon ya riƙe. Shekaru ashirin matar nan tana hawa kujera ta sauko da baho, ta dafa, ta wanke, ta sake hawa ta mayar, kullum, ba don komai ba sai don mijinta ya zauna cikin mutane kansa a ɗage. Shi kuwa ko sannu ta musamman bai taɓa yi mata a kai ba. Godiya ta cika masa ƙirji, idanunsa suka kawo ruwa a gaban matan ɗakin duka, bai damu ba.

"Msugh," ya ce mata, wato na gode. Ya sake maimaitawa, don bai sami wata kalmar ba.

"Ajiye godiyar sai na tashi, za ka biya ta da daka doya," in ji ta. "Tashi ka je ka wanke sunana. Mu mata mun gama wannan maganar tun gashinka yana baƙi, ku ne dai kuke ci ido rufe."

Ya so ya tambaye ta me take nufi, sai ga nas ta turo keken magani tana cewa maza su ba da wuri.

Bahon yana inda ta ce. Sai da Erdoo ta riƙe masa kujera ya hau ya sauko da shi. Tukunyar ba wata babba ba ce, ta dalma, gindinta ya yi baƙi amma cikinta fes, kunnenta ɗaya a ɗaure da waya. Erdoo ta ce za ta bi shi ta ba su haƙuri da bakinta, ya ce ta zauna, wannan tafiyar tasa ce. Haka ya shiga keke da tukunya a cinya, ludayi da wuƙa suna ƙara a ciki duk ramin da aka faɗa. Wata mata da ke gefensa ta yi ta satar kallonsa. Sai da suka kusa Akurba wani tunani ya zo masa: tukunya ai ba ta magana. Kowa zai iya ɗauko tukunya daga gidansa ya ce ga ta. Mutumin da ya yi aikin kotu zai karɓi wannan a matsayin shaida?

Rana ta yi sanyi, rumfar gaba ta cika. 'Yan makarantar koyon jinya sun haɗa kai a benci ɗaya suna raba biskit da yogot, wani tsoho yana barci da hularsa a fuska. Aper ya ratsa su ya shiga. A ƙa'ida bayan la'asar ba ka samun kowa a tabarma, kowa ya koma harkarsa. Yau duk su ukun suna nan. Sun ci abincinsu, don yunwa ba ta san rigima ba, amma a kan buhun da Aper ke jingina akwai kwano a rufe da faifai.

Bai zauna ba. Ya durƙusa ya ajiye tukunyar a tsakiyar tabarma, ya fito da ludayin da wuƙar ya jera su a gefenta.

"Malam Sadisu, ka yi tambaya, na ce ban sani ba. Yanzu na je na tambayo." Ya kwashe duk abin da Ngumimi ta gaya masa ya faɗa, bai rage ba bai ƙara ba, har kazar da soson. "Ba ni da shaida sai bakin matana da wannan tukunya. In kun yarda, to. In ba ku yarda ba, ba zan ga laifinku ba."

Malam Sadisu ya buɗe baki zai yi magana, amma Alhaji ya riga shi motsi. Ya jawo tukunyar gabansa, ya juya ta, ya kai ta wajen haske. Ya sa babban yatsa yana shafa wayar da ke kunnen.

"Wannan ɗaurin nawa ne," in ji shi.

Suka dube shi.

"Wayar keke ce. Ni na ɗaura ta da hannuna, shekarar da na buɗe kantin nan. Tukunyar matata Dijatu ce, cikin kayan ɗakinta." Ya sake juya ta. "Daga baya na neme ta na rasa, na tambaya, ta ce ta ba wadda ta fi ta buƙata. Har faɗa na yi, na ce ina gyara kaya tana rabarwa."

Ya laluba aljihu ya ciro waya ya kira matarsa, ya sa yadda kowa zai ji. Aka ɗauka, ana jin ƙarar daka a bayanta.

"Hajiya, tukunyarki mai ɗaurarren kunne, wa kika ba?"

"Ikon Allah. Sai yau?" in ji Hajiya Dijatu. "Tana wajen Maman Tersugh mana, matar Aper. Lafiya?"

"Lafiya lau. Yaushe aka yi haka ban sani ba?"

"Satin da ka zo kana ba ni labarin ka samu abokin ci Kirista. Kai ka ce kunya ba za ta bar ka ka tambaye shi ba, ni kuwa na ce ba zan zauna mijina yana cin abin da ban sani ba. Na sa mayafina na nemi gidan. Na tarar baiwar Allah ta riga ta ware ludayi da wuƙa, tukunyar miya ce ba ta da ta biyu, sai ta dafa ta juye ta wanke da toka ta sake ɗorawa. Kashegari na kai mata tawa. Me ya faru ne, Alhaji?"

Alhaji ya gaya mata a taƙaice. Ta yi salati, sannan ta tambayi ko yarinyar ta sha faɗa. Aper ya matso ya ce a'a.

"Madalla. Baban Tersugh, ka ce mata kada ta sa komai a ranta, rashin sani ne. Gobe in na dawo daga duba Maman Tersugh zan biya in nuna mata yadda muke yi."

Aka kashe waya. Alhaji ya zauna da tukunyar a cinya yana kallonta, sai ya girgiza kai ya yi 'yar dariya.

"Ni da kai, Aper, muna nan muna ganin kawaicinmu ne ya riƙe tabarmar nan."

"Ni dai abin da na fahimta," in ji Zakiyyu, "shekara ashirin ɗan Tibi yana cin miya a tukunyar aro. Dama ku ba a ba ku ajiya ku mayar."

Aper ya yi dariya, dariyar ta zo da hawaye, ya sa hannun riga ya goge. Bai taɓa jin daɗin zagin Bafillacen nan kamar yau ba.

"Zauna mana," in ji Alhaji. "Ga rabonka can, ya huce."

Aper ya zauna a wurinsa, ya jingina da buhu. Ya wanke hannu, ya buɗe faifan. Tuwon ya sandare, an zuba masa dambu a gefe, da tsokar nama biyu a sama. Ya gutsura ya kai baki, amma ya kasa ci gaba da ci shi kaɗai. Ya zauna da hannu a cikin kwano su uku suna kallonsa.

Sai Malam Sadisu ya gyara zama. Ya cire tabaransa ya ninke ya sa a aljihu. Ya jawo butar, ya naɗe hannun rigarsa ya wanke hannu, duk da ya riga ya ƙoshi tun azahar. Sannan ya matso har gwiwarsa ta taɓa ta Aper.

"Matsa mini kwanon," in ji shi. Ya yi bismilla ya sa hannu.